Wuyan Rigar Tía Haruyo

Eusebio Morishita, wanda duk garin Ensenada ke kira Chebo, ya shekara arba'in da ɗaya yana rubutu a bangon mutane. In ka ga shagon kifi a bakin tashar jiragen ruwa da hoton jatan lande yana murmushi, aikinsa ne. In ka ga sunan makaɗa da ranar rawa an zuba su da ja da shuɗi a katangar filin ƙwallo, shi ne. Alade mai malafa kuwa ya zana shi a shagunan mahauta ya fi sau talatin, kuma ko daga barci aka tashe shi aka miƙa masa buroshi zai ja harafi a miƙe ba tare da ya gwada ba. Wannan ita ce sana'arsa, bai taɓa jin kunyarta ba. Abin da yake jin kunya shi ne sunan da yake ɗauke da shi ba tare da ya san abin da ke cikinsa ba.

Kakansa ya zo daga Japan yana saurayi, cikin masu nutso da ke ciro abulon daga ƙasan teku, katantanwar nan mai tsada. Mahaifinsa ya auri 'yar gari, ya yi gyaran injin kwale-kwale, ya rasu Chebo yana da shekara tara. Abin da ya bar masa bai taka kara ya karya ba: ƙananan idanu, da sunan, da ƙirga ɗaya zuwa goma da harshen kakanni, wanda ma yakan tsallake bakwai. A makaranta Chino ake ce masa, wato ɗan ƙasar Sin, kamar yadda ake ce wa duk mai irin idon, ya yi ta dambe a kai har ya gaji ya fara amsawa.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa taron jikokin Japanawa, ranar sabuwar shekara da ake dakan shinkafa a turmi. Yana da shekara goma sha bakwai. Wani tsoho ya riƙe masa hannu ya yi masa doguwar magana da Japananci, shi kuma ya tsaya yana yaƙe haƙora kamar wanda aka ɗauka hoto. Tsohon ya juya ya faɗi wani abu, mutane suka yi dariya. Mai yiwuwa ma ba da shi suke ba. Amma Chebo ya ajiye farantinsa ya fice, kuma bai ƙara taka wurin ba. Haka mutumin yake, in abu ya ba shi kunya ba ya tambaya, sai dai ya canza hanya.

Wadda ta rage a gidan da ta san komai ita ce Tía Haruyo, yayar mahaifinsa, tsohuwa mai shekara tamanin da bakwai, 'yar ƙarama kamar a saka a aljihu, mai kaifin ido. Layi huɗu ne tsakanin gidansa da nata. Yakan je gaishe ta ranar Kirsimeti, ya zauna a bakin kujera, ya sha shayi mai ɗaci, ya tashi kafin ta tambaye shi wani abin da bai sani ba. Yana son matar, yana kuma tsoronta. A ransa ya daɗe da yanke cewa ba ta ɗauke shi cikakken ɗan gidan ba, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Yana da shekara hamsin da takwas aka kira shi wani otal da aka sabunta a bakin teku. Mai otal ɗin, Don Fausto Arámburo, mutum ne mai fara'a da yawan magana, wanda ya yi kwana goma a Japan ya dawo yana ganin ya gama sanin ƙasar. Ya kai Chebo mashayar otal ɗin, ya nuna masa bango mai tsawon mita tara a bayan teburin sayar da giya, yana kiransa maestro, wato gwani.

"Maestro, a nan za mu sayar da barasarmu da ta Japanawa, kifinmu da irin yankansu. Ina son bangon ya faɗi haka. Rabi mu, rabi su, a cakuɗe. Na tambayi mutum uku, kowa ya ce kai. Morishita fa. Ai kai abin a jininka yake."

A nan ne ya kamata Chebo ya ce shi alade da jatan lande ya sani. Amma shekara arba'in ba a taɓa kiransa don sunan ba sai don a tsokane shi, yau ga mai otal yana faɗin sunan kamar lambar yabo. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ai da shi aka haife mu, Don Fausto."

Da ya ba matarsa Leonor labari, ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta dube shi.

"Da me aka haife ku? Kai da ko shinkafa sai ka zuba mata yaji ka naɗe ta a tortillar masara."

"Zane zane ne."

"Je ka tambayi Tía mana. Ga ta nan kusa."

"Ba sai na dame ta ba, ta tsufa."

"Ta tsufa, ko kai ne ba ka so ta ga ramin da ke kanka?"

Gaskiya ta faɗa. Ya tattara hotuna daga waya da wata tsohuwar kalanda, ya tsara abinsa. Daga hagu babbar igiyar ruwa za ta taso, kumfarta ta rikiɗe ta zama yankakkiyar takardar ado irin wadda muke ratayawa a titi ranar biki. Gauraka da gaggafa za su tashi tare. Jajayen kifaye za su yi iyo a tsakanin ganyen maguey, tsiron da ake dafa barasar da shi. A tsakiya kuma yana son mace, tsaye, cikin kimono, doguwar rigar gargajiyar Japanawa. Ba ya son fuskar kalanda. Yana son fuskar gidansu.

A falon Tía Haruyo akwai hotonta tana da shekara goma sha tara, cikin kimono mai furanni, ta ɗan juya kai gefe. Chebo ya je gidan a watan Agusta, abin da bai taɓa yi ba, ya ce wucewa yake. Da ta shiga kicin ɗora ruwan shayi, ya zaro waya ya ɗauki hoton hoton, ya mayar aljihu kamar ɓarawon kaza. Da ta fito ta dube shi ta dubi bangon, ta zuba masa shayi. Ya gaya wa kansa cewa so yake ya ba ta mamaki. Yana so ranar buɗewa ta tsaya gaban bangon ta ce, lallai wannan jikan babana ne. Abin da yake nema ke nan, ba wani abu ba.

Masu rubutun bango suna da hanyarsu ta ɗora babban zane. Ana zana shi a faffaɗar takarda, a bi layukan da allura a huhhuda, a manna takardar a bango, a riƙa bubbuga ta da ƙullin garin gawayi. In an cire, sai ɗige-ɗige su fito a bangon, mai fenti ya bi su. Haka Chebo ya yi. Da ya cire takardar, Don Fausto ya tsaya daga baya ya karkata kai.

"Maestro, kyakkyawa ce. Amma ka lura ina take kallo? Ƙofar banɗaki."

Gaskiya ne, kan nata ya juya wajen banɗaki. Chebo ya yi dariya, ya share gawayin da tsumma, ya juya takardar ta baya, ya sake mannawa ya bubbuga. Yanzu tana kallon ƙofar shigowa, kamar mai tarbar baƙi. Ya yi wannan dabarar sau dubu. Ƙa'idar da ya koya tun yana yaron shago ita ce komai ana iya juya shi ban da harafi. Alade in ka juya shi alade ne.

Don Fausto ya ƙara da cewa yana son launi a kewayenta, wani abu namu. Chebo ya cika hannunta da furen cempasúchil mai ruwan ɗorawa, ya zuba shi a ƙafafunta har ya zama kamar hanya. Kowa a ƙasar nan ya san furen matattu ne, shi muke shimfiɗa musu a farkon Nuwamba don su gane hanyar gida. Amma an zana shi a bangon kowane shagon 'yan yawon buɗe ido har ya zama ado kawai, Chebo bai ko yi tunanin abin ba.

Sati uku yana kan tsani. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, shi ma ya sani. Fuskar ta fito da rai, har masu goge kofuna sukan tsaya su kalla. A ƙasan kusurwar dama, inda ya saba rubuta Chebo da lambar waya, ya rubuta Eusebio Morishita cikakke. Sannan ya sa rigarsa mai kyau ya kai wa Tía katin gayyata da hannunsa.

Ranar Asabar da la'asar aka buɗe. Akwai makaɗa, akwai 'yan jarida biyu, an yanka kifi an jera. Tía Haruyo ta zo da sandarta, tare da ƙawarta Doña Mitsue da wasu tsofaffi biyu na ƙungiyar jikokin Japanawa. Chebo ya tarbe su a ƙofa, ya kai su gaban bangon, ya koma gefe yana jira, hannunsa a baya kamar ɗan makaranta.

Tsofaffin suka ɗaga kai. Ɗaya ta kai hannu baki. Doña Mitsue, wadda ba a taɓa saninta da riƙe magana ba, ta yi alamar gicciye ta juya ga ƙawarta.

"Haruyo, yaushe kika mutu ba ki gaya mana ba?"

Chebo ya yi murmushi don ya zaci wasa ne. Ya ce, "Furen ne, Doña? Ado ne kawai."

"Furen ma ya zo daidai, ɗana. Dubi wuyan rigar." Ta nuna da sandar Tía da ta karɓe. "Mai rai hagu yake ɗorawa a kan dama. Kullum, ko jariri ne. Dama a kan hagu, gawa ake yi wa. Ka yi wa gwaggonka suturar kabari, ka ba ta furen matattu, ka tsayar da ita a kan masu shan giya. Wa ya koya maka?"

Nan take ya ga takardar a idonsa, yadda ya juya ta yana dariya. A hoton asali daidai rigar take. Shi ne ya kashe ta da hannunsa don kada ta kalli banɗaki. Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ga sunansa cikakke a kusurwa, da manyan haruffa masu kyau, don kada wani ya yi shakkar wanda ya aikata.

Don Fausto bai ji komai ba. Ya iso da kofi a hannu da mai ɗaukar hoto a bayansa, ya rusuna wa Tía irin yadda ya gani a tafiyarsa.

"Doña, ke ce alƙali. Gaya wa mutane, maestro ya yi daidai ko bai yi ba?"

Doña Mitsue ta buɗe baki, Tía ta taka mata ƙafa. Ta daɗe tana kallon fuskarta ta shekara goma sha tara, sannan ta ce da murya a sarari, "Ni na ce ya yi haka. Wannan naɗin na matattu ne. Na tsufa, ina so in ga yadda zan fito tun ina iya gyarawa."

Aka fashe da dariya, aka tafa. Don Fausto ya ji daɗi har ya rungume Chebo, yana cewa ashe su ma suna wasa da mutuwa kamar mu, wannan shi ne ainihin abin da yake nema. Mai hoto ya ɗauka. Tía ta ci yanka biyu na kifi, ta ce ƙafarta na ciwo, suka tafi. Ba ta dubi Chebo ba ko sau ɗaya.

Da ta zage shi a gaban mutane da ya fi masa sauƙi. Matar da bai taɓa jin ta yi ƙarya ba ta yi ƙarya a bainar jama'a don ta rufa masa asiri, shi da ya shiga gidanta ya saci hotonta tana dafa masa shayi. Leonor ma, da ta saba da tsokana, ba ta ce uffan ba a hanyar gida, wannan ya ƙara masa nauyi.

Washegari da safe, bayan an fito coci, ya taka layuka huɗun nan. Ya same ta a kicin tana tsince wake. Bai zauna ba.

"Tía, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Zauna, kana tare mini haske."

Ya zauna. Ya ce takardar ya juya, bai sani ba. Ya ce hoton ma ba da izininta ya ɗauka ba.

"Na gan ka ta gilashin kabad. Na yi ta jira ka tambaye ni. Sati uku ina jira." Ta ture waken gefe. "Shekara nawa kana wuce ƙofar nan, Eusebio? Ka zaci cizo nake?"

"Kunya nake ji, Tía. Ban san komai ba."

"To wa ya sani? Ka zaci ni da sani aka haife ni?" Ta juya ƙwayar wake a yatsa. "Lokacin da mahaifiyata ta rasu, kakarka, ba ka kai shekara uku ba. Ta ajiye farar rigarta tun da daɗewa. Muka ba masu shirya gawa, mutanen kirki, 'yan garin nan. Suka duba hoton aurenta suka naɗa mata yadda suka gani, hagu a kan dama, kamar za ta kasuwa. Na shigo na gani. Na san ba daidai ba ne. Amma ɗakin cike yake da dangin mahaifiyarka da maƙwabta da limamin coci, ni kuma na ji kunyar in ce a buɗe ta a sake, kada a ce Japanawan nan da camfe-camfensu. Na yi shiru aka rufe akwatin. Shekara hamsin da biyar ke nan, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mitsue."

Chebo ya sunkuyar da kai. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ita ma tana da abin da take ɓoyewa ba.

"Bangon ka je ka gyara," ta ce. "Ban mutu ba tukuna, ba na so mashaya su riƙa ɗaga mini kofi."

"Amma kin ce musu ke kika sa."

"Ka ce na canza ra'ayi. Tsofaffi haka muke, ba mai mamaki."

Ta dafa tebur ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ya ji ana jan akwati. Ta fito da wani ƙunshi a cikin takarda mai laushi da ta yi ja don tsufa, ta kwance. Farar riga ce ta auduga, ba ado ko ɗaya, ɗinkin hannu. Ta share teburin da tafin hannu, ta ɗauko matashin kai ta ajiye a tsakiya a matsayin jikinta, ta shimfiɗa rigar a ƙarƙashinsa, ɓangarorin biyu a buɗe.

"'Yata tana can ƙetaren iyaka, in ta zo kuka za ta yi, ba za ta lura da komai ba. Mitsue ta girme ni da shekara biyu, ban dogara da ita ba. Masu shirya gawa za su duba hoto su yi mini irin na mahaifiyata. Ina son mutum ɗaya a ɗakin da zai buɗe baki ya ce a sake, ko waye ke tsaye. Kai yanzu ba za ka taɓa mantawa ba, ko ka so. Wanke hannunka ka zo."

Ya wanke hannu a famfo, ya goge a wando, ya dawo ya tsaya a gaban matashin. Akwai sauran shuɗin fenti a ƙarƙashin faratansa, yana tsoron ya ɓata farin. Ya ɗauki ɓangare ɗaya ya kwantar, ya ɗauko ɗayan ya ɗora a kai, a hankali, ya lallashe wuyan da yatsa. Sai da ya gama ya ga abin da ya yi. Hagu a kan dama ya ɗora, irin na masu rai. Hannunsa ne ya ƙi.

Tía Haruyo ta dubi naɗin, ta dube shi. Idonta ya kawo ruwa, amma ta ɗaga hannu ta ɗan make masa bayan hannu kamar yadda ake yi wa yaro.

"Ba haka ba, ɗana. Yadda ka yi a bango. Buɗe ka sake."